Sa'ar da talabijin ya yi shiru don yara su kwanta

A ranar Asabar, 16 ga Fabrairun 1957, da ƙarfe shida da minti biyar na yamma, gidan talabijin na BBC ya fara watsa wani shirin kiɗa na matasa mai suna Six-Five Special. Shirin bai yi tsawon rai ba, domin bai cika shekara biyu ba aka daina shi. Abin da ya sa masana tarihin watsa labarai ke tuna wannan rana shi ne lokacin da aka sa shi. Kafin ranar, duk wanda ya kunna akwatinsa a Birtaniya tsakanin ƙarfe shida da bakwai na yamma ba zai tarar da komai ba. Shirye-shiryen yara sukan ƙare da ƙarfe shida, sai tasha ta yi tsit har tsawon sa'a guda, sa'an nan a buɗe wa manya da ƙarfe bakwai. Turawan Ingila sun laƙaba wa wannan sa'a suna Toddlers' Truce, wato tsagaita wuta saboda yara masu tatata. Manufarta ita ce uwa ta sami sararin yi wa 'ya'yanta wanka, ta ba su abinci, ta kwantar da su, ba tare da ta yi kokawa da akwatin da ke falo ba.

Kalmar tsagaita wuta da suka zaɓa tana da ban sha'awa, don ba a tsagaita wuta sai inda ake yaƙi. Ashe tun talabijin yana jariri aka gane cewa raba yaro da allo ba ƙaramin aiki ba ne. Iyayen da a yau suke fama da kuka da birgima duk lokacin da suka karɓe waya daga hannun ɗan shekara uku sukan ɗauka cewa wata sabuwar annoba ce ta zamaninsu, ko kuwa gazawarsu ce wajen tarbiyya. Tarihi ya nuna cewa matsalar tsohuwa ce. Abin da ya sauya shi ne wanda aka ɗora wa nauyin cewa an tashi.

BBC ta dawo da watsa shirye-shiryen talabijin a watan Yunin 1946, bayan rufewar da ta yi a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a shekarun da suka biyo baya ne wannan al'ada ta kafu. Riƙe ta bai yi wa BBC wuya ba. Kuɗinta daga harajin lasisin da masu akwati ke biya yake fitowa, saboda haka sa'a guda ta shiru ragin kashe kuɗi ce gare ta. Da aka buɗe tashar kasuwanci ta ITV a watan Satumban 1955, sai lissafi ya canza. Kamfanonin ITV da talla suke rayuwa, kuma a shekararsu ta farko asara suke tafkawa. A wurinsu, sa'ar da magidanta ke dawowa daga aiki, iyali na haɗuwa a falo, ita ce kasuwa ke ci, ga shi kuma ƙa'ida ta ce a rufe shago. Suka kai kuka ga gwamnati.

A wancan lokaci ministan gidan waya ne ke tsara sa'o'in watsa shirye-shirye, kuma mai riƙe da muƙamin shi ne Charles Hill, likitan da mutanen Birtaniya suka san muryarsa tun lokacin yaƙi, sa'ad da yake ba su shawarwarin kiwon lafiya a rediyo. Ana iya zaton likita zai tsaya wa barcin yara. Hill bai ga haka ba. Ra'ayinsa shi ne kwantar da yaro aikin iyayensa ne, gwamnati ba ta da hurumi a ciki, kuma dokar wani irin shisshigi ne na masu ganin sun fi talakawa sanin abin da ya dace da su. BBC ta ja da baya-baya, ta so a bar aƙalla wani ɓangare na sa'ar, amma daga ƙarshe aka soke ta. Daga Litinin zuwa Juma'a BBC ta cike gurbin da shirin labarai da al'amuran yau da kullum mai suna Tonight, wanda ya yi farin jini ƙwarai. Shi kuwa Hill, daga baya ya shugabanci hukumar da ke kula da ITV, sa'an nan ya shugabanci hukumar BBC ɗin kanta.

Hujjar Hill tana da ƙarfi, kuma har gobe ita ce hujjar da kamfanonin fasaha ke kafawa: ga maɓallin kashewa nan, iyaye su danna. Sai dai akwai abin da ta ɓoye. Lokacin da tasha ce ke rufewa, yaro ba shi da abokin faɗa. Ba uwarsa ce ta hana shi ba, abin ne ya ƙare, kamar yadda rana ke faɗuwa ba da izinin kowa ba. Da aka cire shirun, sai hannun da ke kashe akwati ya zama hannun wani da yaro ya sani, wanda zai iya roƙa, ya yi wa fushi, ya gwada haƙurinsa.

Masu shirya wa yara shirye-shirye sun fahimci wannan tun da wuri, shi ya sa suka riƙa dasa ƙarshen a cikin shirin kansa. Andy Pandy, ɗan mutum-mutumin da BBC ta fara nunawa a 1950, yakan rufe kowane kashi da waƙar sallama guda, shi da abokinsa ɗan beyar suna cikin kwandonsu suna ɗaga hannu. Yaron da ya kalli shirin sau uku ya riga ya san cewa in an shiga kwando, to an zo ƙarshe. Amma inda aka mayar da wannan dabara wata cibiya ta rayuwar ƙasa baki ɗaya shi ne Jamus, kuma abin mamaki, gasar Yaƙin Cacar Baka ce ta haife ta.

A tatsuniyoyin Arewacin Turai akwai wani halitta da ake ce wa mai yashi, wanda ke zuwa da dare ya barbaɗa wa yara yashi a ido don barci ya ɗauke su. Da shi ake bayyana wa yaro kwantsar da yake tashi da ita da safe. A ƙarshen 1959, ma'aikatan talabijin na Jamus ta Gabas suka sami labarin cewa tashar Balin ta Yamma na shirin fito da mai yashi a allo ranar 1 ga Disamba. Ba su yarda 'yan jari-hujja su riga su ba. Aka ba wani mai ƙera 'yan tsana, Gerhard Behrendt, 'yan makonni, ya ƙera ɗan dattijo mai gemu da hula mai tsini, kuma ranar 22 ga Nuwamban 1959 aka nuna shi a Gabas, kwana tara kafin na Yamma. Sunan shirin Unser Sandmännchen. Tsarinsa bai taɓa sauyawa sosai ba: dattijon ya iso, ya zauna da wasu yara, a kalli ɗan gajeren labari tare, ya buɗe jakarsa ya watsa yashi, yaran su murza ido, ya ɗaga hannu ya tafi. Duka-duka minti goma ne ko ƙasa da haka. A kashin farko an nuna shi ya gaji har barci ya kwashe shi a gefen titi, sai yara suka yi ta aiko da wasiƙu suna yi masa tayin gadajensu.

Gwamnatin gurguzu ba ta bar shi haka kawai ba. Abin hawan da yake zuwa da shi kullum sabo ne, daga tarakta zuwa jirgin ƙasa zuwa roka, kuma yakan ziyarci ƙasashen da ke ƙawance da Jamus ta Gabas, waɗanda mafi yawan masu kallonsa ba su da izinin zuwa wasu ƙasashen sai su. A 1978, da Sigmund Jähn ya zama Bajamushe na farko da ya je sararin samaniya, ya tafi da ɗan mutum-mutumin a cikin kumbon Sobiyet. Farfaganda ce, babu musu. Amma abin da iyaye suka riƙe daban ne: a miliyoyin gidaje, watsa yashin nan shi ne alamar a kashe akwati a nufi gado, kuma ba uwa ce ta faɗa ba. Na Yamma an daina shi a 1989. Da aka haɗe Jamus a 1990 aka shiga rushe gidan talabijin na Gabas, iyaye da yara suka yi ta koke da zanga-zanga a kan kada a taɓa musu mai yashi. Aka bar shi. Ƙasar da ta ƙirƙire shi ta shuɗe, bangon Balin ya zama abin tarihi, shi kuwa har yanzu yana fitowa kowace yamma gab da ƙarfe bakwai.

Dabarar ta yaɗu da sauri. Wani ɗan wasan fim mai suna Claude Laydu ya ga shirin na Jamus ta Gabas, ya koma ya ƙirƙiro wa Faransa irinsa, Bonne nuit les petits, a watan Disamban 1962, inda wani ƙaton beyar ke saukowa daga gajimare ya yi wa yara biyu sai da safe. A 1964 talabijin na Sifen ya fara nuna wani ɗan zane na 'yan'uwa shida da ke jerin gwano zuwa gado suna waƙa, alamar cewa abin da zai biyo baya na manya ne. A watan Satumban shekarar Tarayyar Sobiyet ta fara nata shirin na sai da safe, Chekoslobakiya ta bi sahu a farkon 1965. Ƙasashen da suka saɓa a kan kusan komai, masu mulkin soja da masu gurguzu da masu dimokuraɗiyya, sun haɗu a kan cewa tasha tana da haƙƙin taya iyaye sallamar yara. Ƙasar Aisilan ta wuce nan ma: har zuwa 1987 babu talabijin a can ranar Alhamis, kuma har zuwa farkon shekarun 1980 tashar kan tafi hutu duk watan Yuli.

A Nijeriya ba a kafa irin wannan shiri na sai da safe a matsayin al'adar ƙasa ba, amma ƙarshen kallo ya zo ta wasu ƙofofi. An buɗe tashar farko a Ibadan ranar 31 ga Oktoban 1959, makonni uku kafin mai yashi ya bayyana a Balin. Ta Kaduna ta biyo baya a 1962, aka haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA a 1977. Waɗanda suka taso a shekarun 1980 sun san cewa tasha ba ta buɗewa sai da la'asar, kuma tana rufewa da taken ƙasa. Sau da yawa akwati ɗaya ne a layi guda, yaran unguwa su taru a gidan mai shi, kiran sallar magariba ya watsa taron, in kuwa bai watsa ba NEPA ta ɗauke wuta. Babu wanda ya tsara waɗannan don amfanin yara, amma aikin da suka yi ɗaya ne da na sa'ar shiru ta Landan. Kafin talabijin ma, tatsuniya tana da nata shinge. Akwai camfin da ke hana yin ta da rana, tana da kalmomin buɗewa da kowane yaro ya sani, kuma in kaka ta ce ƙurunƙus, magana ta ƙare. Ana iya roƙon wata, amma ba a jayayya cewa wannan ta ƙare.

Wanda ya fi kowa zurfafa tunani a kan wannan al'amari shi ne Fred Rogers, wani limamin coci na birnin Pittsburgh a Amurka, wanda ya shiga aikin talabijin saboda, a cewarsa, bai ji daɗin abin da ya ga ana nuna wa yara ba. Shirinsa, Mister Rogers' Neighborhood, ya fara fita a duk faɗin Amurka a watan Fabrairun 1968, ya ci gaba har 2001, kashi kimanin 900. Shekara da shekaru yana zama da Margaret McFarland, masaniyar halayyar yara a Jami'ar Pittsburgh, suna bin rubutun shirin daki-daki. Daga cikin abin da suka ɗauka da muhimmanci akwai sauyi daga wani hali zuwa wani, domin sun san ƙaramin yaro ba ya tsallakawa daga wannan duniya zuwa waccan farat ɗaya kamar babba.

Saboda haka komai a shirin yana da gada. Rogers ya shigo gida yana waƙa, ya tuɓe kwat ya rataye, ya sa rigar sanyi mai zif, irin waɗanda mahaifiyarsa ke saƙa masa, ya cire takalmin fita ya sa na zaman gida. In za a tafi duniyar almara inda 'yan tsana ke magana, wani ɗan jan tarago ne ke kai mai kallo, shi ne kuma ke dawo da shi, don kada yaro ya rikita gaskiya da ƙage. In lokaci ya yi, sai Rogers ya juya abin da ya yi da farko: ya sake takalmi, ya mayar da rigar sanyi, ya ɗauki kwat, yana waƙa yana alkawarin zai dawo, ya fita ta ƙofar da ya shigo. Yaro yana ganin an kama igiyar takalmi ya san saura kaɗan, kuma yana da mintuna biyu ko uku na shirya zuciyarsa. Abubuwa uku ne aka haɗa a nan, ganin ƙarshe tun daga nesa, maimaita shi iri ɗaya kullum, da tabbacin cewa rabuwar ba ta har abada ba ce. Masu suka sun ce shirin yana da sanyin jiki, kuma da gaske ne. Sanyin da gangan aka yi shi.

Rushewar waɗannan shingaye ba ta faru rana ɗaya ba. Kaset ɗin bidiyo, da ya shigo kasuwa a tsakiyar shekarun 1970, ya ba yaro damar cewa a mayar, amma kaset yana da ƙarshe, in zare ya ƙare ya ƙare, kuma mayar da shi baya yana ɗaukar lokaci. Tashoshin tauraron ɗan'adam da na kebul sun kawo zane-zane dare da rana. Cartoon Network, da aka buɗe a 1992, ba ta rufewa. Duk da haka kowane shiri yana da farko da ƙarshe, kuma abin da ke biyo bayansa ba lallai ne ya burge yaron ba. Babban sauyin ya zo ne da intanet da allon hannu. YouTube ya bayyana a 2005, iPhone a 2007, iPad a 2010. A 2006 wani matashin injiniya, Aza Raskin, ya fito da shafi marar gindi, wanda ake ta ja yana ta zuwa, abin da daga baya ya fito fili ya ce yana nadamarsa. A 2012 Netflix ya shigo da tsarin da kashi na gaba ke kunna kansa bayan 'yan daƙiƙoƙi, YouTube ma ya ɗauki irinsa. A 2017 shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya faɗa ba tare da kunya ba cewa babban abokin gasar kamfaninsa shi ne barci. Shekara sittin cif bayan soke sa'ar da aka ware wa barcin yara, wani mai watsa shirye-shirye ya ayyana barci a matsayin kishiya.

Abin lura shi ne, ba abun cikin shirin kaɗai aka sauya ba, an cire masa gaɓa. Waƙar rufewa da sunayen ma'aikata, waɗanda a da su ne alamar an gama, yanzu ana matse su a kusurwar allo yayin da agogo ke ƙirga daƙiƙoƙin shigowar na gaba. Yaron da ke kallo a waya ba ya taɓa isa wurin da abin ya ƙare da kansa, don haka duk lokacin da aka karɓe wayar, a tsakiyar wani abu aka karɓe ta. Babba ma in an kashe masa wasan ƙwallo ana saura minti biyar ba zai yi godiya ba, balle ɗan shekara uku da bai san mene ne minti biyar ba, kuma sashen ƙwaƙwalwarsa mai danne fushi da jinkirta buƙata bai gama ginuwa ba.

Likitoci sun shigo maganar, amma ta fuskar adadi. A 1999 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye da kada su bar yaran da ba su kai shekara biyu ba su kalli talabijin. A 2016 ta sabunta shawarar: sa'a guda a rana ga 'yan shekara biyu zuwa biyar, kuma a riƙa kallo tare da su. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da makamanciyar wannan ƙa'ida. Duk waɗannan sun faɗi yawan abin da ya kamata a kalla. Yadda za a yi a minti na sittin da ɗaya, lokacin da uwa ta miƙa hannu yaro ya ƙanƙame waya, an bar wa uwar.

Wannan gurbi ne wasu masu bincike a Jami'ar Washinton da ke Seattle suka duba, ƙarƙashin Alexis Hiniker da Julie Kientz, suka gabatar da sakamakonsu a 2016. Sun tattauna da iyaye 27, sa'an nan suka sa iyalai 28 masu yara 'yan shekara ɗaya zuwa biyar su riƙa rubuta abin da ya faru duk lokacin da aka gama kallo, har tsawon mako biyu. Abu na farko da ya fito mai kwantar da hankali ne: mafi yawan lokuta ana rabuwa lafiya, kusan ɗaya cikin biyar ne kawai ke ƙarewa da ɓacin rai. Sai dai wannan ɗayan ne ke tsaya wa iyaye a rai, har su riƙa fargabar kowane ƙarshe.

Abu na biyu shi ne ya ba masu binciken kansu mamaki. Shawarar da kusan kowane littafin tarbiyya ke bayarwa ita ce a gargaɗi yaro, a ce masa saura minti biyu. A rubuce-rubucen iyayen nan, lokutan da aka yi gargaɗin sun fi ƙarewa da kuka fiye da waɗanda ba a yi ba. Ana iya cewa ai iyaye sun fi yin gargaɗi ne a ranar da suka hango rigima, kuma masu binciken sun yi la'akari da wannan, amma bambancin bai gushe ba. Fassarar da suka bayar ita ce, gargaɗin yana tuna wa yaro cewa akwai wanda ke riƙe da iko, ya kuma buɗe ƙofar ciniki. Inda aka fi rabuwa lami lafiya shi ne inda kallon ya zama na ƙa'ida, a lokaci sananne kullum. Inda aka tsaya a gaɓar da labari ya ƙare. Inda akwai wani abu da ke jiran yaron, kamar abinci ko fita. Da kuma inda na'urar ce ta tsaya da kanta, ko batir ya mutu ko intanet ya yanke. Wasu iyayen sun amsa cewa sukan yi ƙaryar caji ya ƙare. Ƙarya ba abin koyi ba ce, kuma yaro mai wayo ba ya daɗewa bai gano ta ba, amma tana nuna abin da iyayen ke nema: wani na uku da zai ɗauki laifin, kamar yadda BBC ta ɗauka a 1950.

Binciken ƙarami ne, iyalai kaɗan ne a Amurka, kuma bai dace a ɗauke shi kamar hukuncin ƙarshe ba. Bai kuma nuna cewa sanar da yaro laifi ne ba, tunda Rogers ma sanarwa yake yi da takalminsa. Bambancin yana wurin wanda ya sanar da kuma harshen da aka yi sanarwar. Minti biyu lissafin manya ne. In wannan ya ƙare sai wanka, wannan magana ce da yaro ke iya gani da idonsa.

Hiniker da abokan aikinta sun ci gaba. Suka ƙera wata manhajar kallo mai suna Coco's Videos, inda yaro da kansa ke zaɓar bidiyon da zai kalla, da tsawon lokacin, da abin da zai yi in ya gama, sa'an nan wani ɗan zane ya riƙa tuna masa yayin da ƙarshe ke matsowa. Suka raba wa iyalai 24 nau'i uku: ɗaya yana tsayawa kawai in an gama, ɗaya yana kulle kansa, na uku kuma yana kunna wani bidiyon. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna cewa nau'in mai kunna kansa ya sa yara sun zarce lokacin da su da kansu suka zaɓa, ya kuma tilasta wa iyaye sa baki. Tsakanin mai kullewa da mai tsayawa kawai kuwa babu wani bambancin kirki. Ma'ana, yaron da aka bari ya tsara ƙarshensa yakan iya cika alkawari ba tare da kwaɗo ba, muddin ba a ɗana masa tarko a bakin ƙofa ba.

Gwamnatoci sun dawo fagen da Charles Hill ya fitar da su, kowace da salonta. Koriya ta Kudu ta kafa doka a 2011 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasannin intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe. Yara suka riƙa shiga da lambar shaidar iyayensu, wasannin suka koma waya inda dokar ba ta kai ba, aka soke ta bayan shekara goma. Ƙasar Sin ta ƙayyade wa yara minti 90 a ranakun makaranta a 2019, sa'an nan a watan Agustan 2021 ta rage zuwa sa'a guda, daga takwas zuwa tara na dare, a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da na hutu kaɗai. Birtaniya ta bi wata hanya, ta kama masu ƙera manhaja maimakon yaran. Ƙa'idar tsara manhajoji daidai da shekarun yara, wadda 'yar majalisar dattawa Beeban Kidron ta yi wa fafutuka, ta fara aiki gadan-gadan a watan Satumban 2021, kuma makonni kaɗan kafin nan YouTube ya sanar cewa zai kashe kunna-kai ga masu ƙasa da shekara 18 da kuma a manhajarsa ta yara, sai in mutum ya kunna da kansa. Apple da Google ma sun riga sun sa wa wayoyinsu agogon da iyaye za su iya saitawa ya rufe manhaja in lokaci ya cika. Kayan aikin suna nan, amma mafi yawansu a ɓoye suke cikin saituna, kuma wayar da ɗan shekara uku ke kallo a kai galibi ta uwarsa ce, wadda kamfani ya sani a matsayin ta babba.

Ita kuwa BBC, da ta buɗe tashar ƙananan yara ta CBeebies a 2002, sai ta ware sa'ar ƙarshe ta kowace rana, daga shida zuwa bakwai na yamma, ta kira ta sa'ar kwanciya. Ita ce dai sa'ar da aka yi wa gardama a 1957. A cikinta ake nuna shirye-shirye masu sanyi irin su In the Night Garden, wanda aka fara a 2007, inda kowane kashi ke ƙarewa da 'yan wasan suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu ya tafi cikin ɗan kwalekwalensa a kan teku cikin duhu. Daga nan wani ya karanta labari guda, a yi waƙar sai da safe, tashar ta rufe da ƙarfe bakwai. Dalilin rufewar ba tarbiyya kaɗai ba ce: tashar tana raba zangon watsawa ne da BBC Four, wadda ke buɗe wa manya a daidai wannan lokaci. Shirye-shiryen da aka gama nunawa kuma suna nan a manhajar BBC ta intanet, ga duk yaron da aka miƙa wa waya da ƙarfe bakwai da minti ɗaya.